Ɗanmu a Makarantar Kwana: Me Ake Koya Masa Game da Mutanen da Ba Irinsa Ba?

  

'Yan uwa, kowace shekara idan sakamakon jarrabawar BECE ya fito, hira ɗaya ce a ƙofar masallaci: ina kwamfuta ta jefa ɗanka? Wani ya ce Ho, wani ya ce Mampong, wani kuma Navrongo, garin da uban bai taɓa takawa ba. Sai a shiga sayen akwatin ƙarfe da katifa, a cika akwatin katako da gari da shito da sukari, a yi wa yaro addu'a a sa shi a mota. Tun shekarar 2005 da aka fara rarraba ɗalibai ta kwamfuta ake wannan, amma abin ya ƙaru ƙwarai daga Satumban 2017 da sakandare ta zama kyauta, domin gidajen da a da ba su iya biyan kuɗin makarantar kwana yanzu 'ya'yansu suna ciki.

Yaron da ya tashi a Nima ko Aboabo ko zangon Techiman, wanda Hausa ta ishe shi tun daga gida har kasuwa, ga shi dare ɗaya yana kwana a ɗaki guda da Batone da Ewe da Ga da Farafara. Zai ga abin da bai saba gani ba, za a kuma tambaye shi abin da bai taɓa tunanin yana bukatar amsa ba. Me ya sa kake wanke ƙafa sau biyar a rana? Ku 'yan zango, ainihi daga ina kuke? Tambayar da muke son mu duba ita ce: makarantar da kanta, me take koya wa waɗannan yaran game da junansu?

Akwai fannin ilimi da aikinsa ke nan. Turawa suna kiransa antiropoloji, mu kuma za mu ce ilimin nazarin ɗan Adam da al'adunsa. Mai wannan ilimi yakan je ya zauna cikin mutane wata da watanni, wani lokaci shekaru, ya koyi harshensu, ya ci abincinsu, ya halarci aurensu da jana'izarsu, ya yi ta tambaya yana rubutawa. Abin da yake nema shi ne ya gane ma'anar abin da suke yi a wurinsu su masu yin, kafin ya faɗi nasa ra'ayin. A Ghana ana karanta shi a jami'a, kamar ta Cape Coast, kuma a Legon kowane ɗalibi sai ya ɗauki darasin nazarin Afirka, wanda ya samo asali daga cibiyar da Kwame Nkrumah ya buɗe a hukumance a 1963. A sakandare kuwa babu darasi mai wannan suna. Gutsattsarinsa ne a warwatse: wani a darasin zamantakewa da yara ke kira Soshal, wanda dole ne ga kowa, wani a tarihi, wani a darussan addini, wani a harsunan gida.

Kafin mu ci gaba, akwai zargin da wasu dattawanmu ke yi wa wannan ilimi, kuma ba a banza suke yi ba. Sukan ce ilimin 'yan mulkin mallaka ne, da shi suka leƙa cikinmu suka san inda za su kama mu. Akwai gaskiya a ciki. A shekarar 1900 gwamnan Ingilishi Frederick Hodgson ya je Kumasi ya nemi a kawo masa Kujerar Zinari ya zauna a kai, bai san cewa ko Asantehene ba ya zama a kanta ba, domin a wurin Tonawa ran al'ummarsu ne ke cikinta. Wannan maganar ita ta kunna yaƙin Yaa Asantewaa. Bayan shekara 21 gwamnatin mallaka ta buɗe ofishin nazarin al'adu a Asante ta ɗora R. S. Rattray a kai, don kada a sake irin wancan kuskure. Ke nan sanin mutane ya zama kayan aikin mulkinsu. Wannan Rattray ɗin, a 1913, ya buga littafi mai juzu'i biyu na tatsuniyoyi da al'adun Hausawa, amma wanda ya zauna ya rubuta su da ajami wani malami ne mai suna Malam Shaihu. Sunan Baturen kowa ya sani, na malamin sai mai bincike.

To amma wanda ya ce Turawa ne suka fara wannan aiki bai duba ɗakin karatunmu ba. Wajen shekarar 1030 Abu Raihan al-Biruni ya rubuta littafinsa kan Indiya. Sai da ya koyi Sanskirit, harshen littattafansu, ya zauna da malamansu, sannan ya rubuta. Tun a gabatarwa ya bayyana cewa ba littafin raddi yake yi ba, zai kawo abin da Hindu suka yi imani da shi yadda suke faɗarsa. Bai bar Musuluncinsa ba, bai kuma yi musu ƙarya ba. Ibn Battuta ya shigo ƙasar Mali a 1352, ya yaba musu tsaron hanya da kiyaye sallar jam'i da tsananta wa yara kan haddar Alƙur'ani, ya kuma kushe abubuwan da suka ɓata masa rai. Shi kam mutum ne mai saurin fushi, ko abincin da aka tarbe shi da shi sai da ya raina. A garin Walata ya yi mamakin ganin Musulmi masu salla waɗanda mutum ke jingina kansa ga kawunsa na wajen uwa, gado kuma ya tafi ga 'ya'yan 'yar uwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ibn Khaldun kuma a Muƙaddimarsa ta 1377 ya kafa ilimi sukutum kan yadda jama'a ke haɗuwa su yi ƙarfi su kafa mulki, sannan su sassauta su faɗi.

A nan gida ma muna da namu. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna Salaga kafin rikicin 1892 ya watsa garin, ya rasu a 1934, mun fi saninsa da waƙoƙi da karantarwa. Amma ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu tsawo da Hausa kan ƙasar Hausa: noma, sana'o'i, fatauci, sarauta, aure, da tarihin garuruwa. Masana har yau suna dogaro da su. Idan wannan ba nazarin al'ada ba ne, to mene ne? Aya ta 13 a Suratul Hujurati kowa ya san ta, inda aka bayyana cewa hikimar rarraba mutane dangogi da ƙabilu ita ce su san juna, aya ta 22 a Suratur Rum kuma ta ƙidaya sassaɓawar harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Sanin juna kuwa aiki ne, sai an yi tambaya, an saurara, an haƙura.

Mu dawo aji. Ƙidayar 2021 ta nuna mu mutum miliyan 30.8 ne. Akan su ne kashi 45.7 cikin ɗari, Mole-Dagbani 18.5, Ewe 12.8, Ga-Dangme 7.1, sai sauran. Ta fuskar addini Kirista kashi 71.3, Musulmi 19.9. Ƙasa mai irin wannan haɗi ba ta da zaɓi, dole makarantarta ta ce wani abu kan bambanci. Matsalar ita ce abin da take cewa yana canzawa kusan duk lokacin da gwamnati ta canza. Gyaran 1987 na zamanin Rawlings, wanda ya kawo JSS da SSS, ya shigo da darasin nazarin al'adu a ƙananan makarantu, a shekarar ne kuma aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar GES, abin da ya mai da makarantunmu da yawa na Arabiyya da boko. Daga baya darasin al'adun ya ɓace, na addini da tarbiyya ya samu wuri. A 2002 aka ce Turanci kaɗai za a koyar da shi tun daga aji ɗaya. A gyaran 2007 aka cire darasin addini da tarbiyya, shugabannin addinai suka yi ca, aka mai da shi. A wannan gyaran ne aka mai da sakandare shekara huɗu, gwamnatin da ta biyo ta mai da ita uku, har a 2013 aji biyu suka zauna jarrabawar WASSCE lokaci guda. A 2018 aka raba ɗalibai rukuni biyu masu shiga bi da bi saboda cunkoso. A 2019 tarihin Ghana ya dawo firamare a matsayin darasi mai zaman kansa. A zangon karatu na 2024/2025 kuma hukumar NaCCA ta fara aiki da sabon manhajan sakandare, wanda ya yi ta nanata ɗabi'un ƙasa da mutunta bambanci da aikin rukuni.

Malamin da ya shekara 30 yana koyarwa ya ga duk waɗannan sun wuce ta kansa. Kun ga ba laifinsa ba ne idan ya riƙe abin da ba ya canzawa, wato tambayoyin jarrabawar baya. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Ingila, inda wannan fanni ya yi ƙarfi a jami'o'i, sai a 2010 aka shigar da shi jarrabawar ƙarshen sakandare bayan masana sun daɗe suna nema. A 2015 hukumar jarrabawar ta sanar za ta daina, a lokacin da ake sake fasalin jarrabawa kuma masu ɗaukarsa ba su da yawa, aka yi ta ƙarshe a 2018. Darasin da ba ya kai yaro likitanci ko injiniya shi ake fara sallama idan wuri ya ƙure.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake koyar da ɗan abin da ya rage. Duk wanda ya taɓa duba littafin ɗansa ya ga jadawalin: sunan ƙabila, sunan biki, watan da ake yi. Ga, Homowo. Anlo, Hogbetsotso. Dagwamba, Damba. Efutu, Aboakyer. Yaro ya haddace, ya zuba a takarda, ya samu maki, ya manta. Bai san me ya sa ba, kuma "me ya sa" ɗin nan shi ne ilimin.

Ɗauki Homowo. Mazauna Ankara sun san cewa kowace shekara, wajen Mayu zuwa Yuni, sarakunan Ga sukan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda, dokar kuma tana shafar lasifikar coci da ta masallaci. A ƙarshen shekarun 1990 an yi ta artabu tsakanin matasan Ga da wasu coci-coci kan wannan. Yaron da jadawali kaɗai ya sani zai ce tsangwama ce kawai. Wanda aka koya wa tambaya zai gano cewa bikin tunawa ne da wata yunwa da kakanninsu suka sha, sunan ma yana nufin yi wa yunwa ature, kuma shirun yana biyo bayan shukar da bokayensu na gargajiya ke yi, lokacin da suke ganin ƙasa na bukatar natsuwa. Mu ba mu yi imani da abin da suke roƙo ba, ba kuma za mu yi ba. Amma limamin da ya san haka, idan ya zauna da masu unguwa kan maganar kiran salla, ya san da wa yake magana da kuma abin da ke zuciyarsa, zaman kuma yakan fi sauƙi.

Ko maganar gado. Sau nawa muka ji ana cewa a zango, Tonawa ba sa son 'ya'yansu, ɗan 'yar uwa suke ba dukiya? A tsarin Akan mutum ɗan dangin uwarsa ne, abin da suke kira abusua, domin a ganinsu jini ta uwa yake bi. Kawu na wajen uwa, wofa, shi ke da nauyin 'ya'yan 'yar uwarsa, kujerar sarauta da gonar dangi kuma a cikin wannan layi suke zagayawa don kada su fita daga gida. Uba yana da nasa haƙƙin, shi ke raɗa suna, shi ke tarbiyya. Tsari ne mai ƙa'idojinsa, irin wanda Ibn Battuta ya tarar a Walata cikin Musulmi, kuma yana da illarsa, domin an sha korar matar mamaci da 'ya'yanta daga gidan da suka taya ginawa. Saboda wannan illar aka yi dokar gado ta PNDC mai lamba 111 a 1985, wadda ta ba mata da 'ya'ya kaso mafi girma na abin da mutum ya tara da guminsa idan ya mutu bai bar wasiyya ba. To ga inda abin ya zo kanmu: dokar ba ta ware Musulmi ba. Wanda bai fahimci al'adar maƙwabcinsa ba ba zai gane dalilin dokar da ke iya raba gidan ubansa saɓanin fara'id ba. Ɗalibin makarantar Islamiyya da ya karanta babin gado a Risala, aka kuma koya masa wannan a Soshal, shi ne gobe zai iya zama da lauya ya tsara wa mutanenmu wasiyya.

A nan ne wasu iyaye ke tsorata, kuma mun ji tsoron da kunnenmu. Wani bawan Allah ya ce mana bayan sallar isha'i, shi fa ba ya son a koya wa 'yarsa cewa kowane addini daidai ne, kowace al'ada daidai ce. Muna tare da shi a kan haka. Amma bayyana abu daban, amincewa da shi daban. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtar surarsa, kuma al'ada abar lura ce a shari'a matuƙar ba ta ci karo da nassi ba. Alƙali ba ya yanke hukunci kafin ya ji bayani. Ita ma dokar ƙasa ba ta ce komai daidai ne ba: sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin al'adarsa da harshensa, a wuri guda kuma ya haramta duk al'adar da ke wulaƙanta ɗan Adam ko cutar da shi. A kan haka aka haramta kaciyar mata a 1994, da bautar da 'yan mata a ɗakunan tsafi a 1998. Malamin kirki zai koya wa yaro ya gane abu sosai, sannan ya bar masa ma'aunin da ya zo da shi daga gida. Inda malami ya tsallake wannan iyaka, ya mai da aji wurin wa'azin nasa addinin ko wurin yi wa na wani dariya, nan ne iyaye ke da haƙƙin magana.

Idan aka bar wurin babu kowa kuwa, abin da ke cika shi mun gani. A Maris na 2021 aka gano wasu littattafan firamare a kasuwa da ke siffanta Ewe da tsafi da wasu munanan halaye, har NaCCA ta fito ta ce ba ta amince da su ba, a janye su. A watan ne makarantar Achimota ta ƙi karɓar wasu yara biyu mabiya Rasta saboda gashinsu, har babbar kotu ta yanke a ranar 31 ga Mayu cewa a karɓe su. A Ramadan na wannan shekarar aka hana ɗalibai Musulmi azumi a makarantar 'yan mata ta Wesley, GES ta ba da umarnin a bar su idan iyaye sun yarda, cocin Methodist ta ƙi. Abu uku cikin wata uku. Majalisar zaman lafiya ta ƙasa ta jagoranci wata yarjejeniya kan haƙuri da addinin juna a makarantun mishan a 2024, maganar Wesley kuma ta kai Kotun Ƙoli. Kotu za ta iya cewa a bar yarinya ta yi azumi. Ba za ta iya sa 'yar ɗakinta ta daina kallonta kamar mai taurin kai ba. Wannan sai aji. Muna kuma tambayar kanmu da gaskiya: lokacin maganar yaran Rasta, mu nawa ne muka ga cewa ƙa'idar da ta kare gashinsu ita ce ke kare ɗankwalin 'ya'yanmu?

Akwai wani abu da jadawalin bukukuwa ba ya iya ɗauka, shi ne mu kanmu. A wane layi za a sa ɗan zango? Zango ba ƙabila ba ce. Masauki ne na ayarin fatake a kan hanyar goro tsakanin Kano da Gwanja, daga baya ya zama unguwa inda Bahaushe da Bamoshe da Bawangare da Bazabarme da Kwatakwali da Bayarabe da Bafulatani da Badagwambe suka yi auratayya, Hausa ta zama harshen kowa. Wata masaniya Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta zauna a zangon Kumasi ta buga littafi a 1978 kan yadda 'ya'yan Mosawa da aka haifa a can suka zama 'yan zango masu Hausa, ba tare da sun saki sarkin ƙabilarsu ba. A jami'o'in waje ana karanta labarinmu, a ajin ɗanmu kuwa da ƙyar a ambace mu, in an ambata ma sai a babin ƙaura ko na matsalolin birni. Hausa, duk da gidan rediyon ƙasa yana watsa shiri da ita, ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa. Da ministan ilimi ya sanar a Oktoban 2025 cewa a koyar da ƙananan yara da harshen uwa, tambayar da ta taso a unguwanninmu ita ce: harshen uwar wa?

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da suka ga 1969. A Nuwamban shekarar gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda kwana 14 ya bar ƙasa, dubun dubatar mutane suka fita, cikinsu har da waɗanda a nan aka haife su ba su san wata ƙasa ba. Abin lura, Busia da kansa masanin wannan fanni ne, a Okisfod ya yi digirinsa na dakta kan matsayin sarki a Asante. Saboda haka ba ma cewa ilimin yana sa tausayi da kansa, ilimi ne kawai, ya danganta da hannun da ya riƙe shi. Amma jami'in da zai zauna gobe a bayan tebur yana duba takardun mai suna Fuseini ko Rakiya, yana tambayarsa garin kakansa na asali, yau yana aji ɗaya da 'ya'yanmu. Abin da aka koya masa, ko aka ƙi koya masa, game da Salaga da fataucin goro da shekarun da Musulmi suka yi a fadar Asantehene suna rubuce-rubuce tun kafin Turawa su ci Kumasi, shi zai fito a fuskarsa.

Mu ma kada mu wanke kanmu. Yaranmu suna dawowa da kukan an kira su pepeni ko otani, kalmomin raini ga mutumin arewa. Gaskiya ne, da zafi. To mu me muke kiran wasu idan mun rufe ƙofa? Kalmar arne tana fita daga bakinmu kamar ruwa, har a kan maƙwabcin da ya kai matarmu asibiti da dare. A cikin zangon ma akwai wanda ake yi wa gori cewa kakansa jiya ya musulunta, akwai gidan da ba a ba shi aure saboda asali. Al-Biruni, da ya faɗi yadda Hindu ke ƙyamar baƙo, bai tsaya nan ba, ya yarda cewa raina baƙo hali ne da kowace al'umma ke da shi. Yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagwamba da Gwanja, wanda aka ce gardamar kuɗin zabo a kasuwa ce ta kunna shi, ya ci rayuka masu yawa, asalinsa kuwa tsohuwar magana ce ta wa ke da ƙasa, wa ke da sarki, wa ake ɗauka cikakken mutum. Bawku har yanzu ba ta huce ba. A can Musulmi ne da yawa a kowane ɓangare.

Magabata suna da dabararsu ta sauke irin wannan zafi, masana kuma sun daɗe suna nazarinta: wasan taubasantaka. Farafara da Dagaaba suna zagin juna kan kan kare ba mai fushi, kamar yadda Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, ke yi. A Nijar har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin gadon ɗan Adam a 2014. Darasi ɗaya a kan wannan, inda kowane yaro zai faɗi wane ne abokin wasan ƙabilarsa da labarin da ake bayarwa na asalin wasan, ya fi shafi goma na jadawali. Ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje ko kwamfuta, ajin da kansa shi ne littafin. Haka ziyarar da Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya kai cocin Christ the King a Ankara ranar Ista ta 2019, lokacin cikarsa shekara 100. Wasu cikinmu sun yi suka, wasu sun yaba, shi kuma ofishinsa ya bayyana cewa zumunci ya je yi, bai je ibada ba. Ɗaliban sakandare za su iya tattauna wannan su ƙaru, in an samu malamin da zai riƙe ajin da adalci.

Sabon manhajan ya buɗe ƙofar irin wannan, tunda yana son a riƙa ba yara aikin bincike da za a ƙidaya a makinsu, ba jarrabawar ƙarshe kaɗai ba. Ko ƙofar za ta daɗe a buɗe, Allah ne masani, mun ga da yawa sun buɗe sun rufe. Abin da ke hannun iyaye shi ne su je taron iyaye da malamai, wanda mu 'yan zango muka yi ƙaurin suna wajen ƙin zuwa, su buɗe littafin Soshal na yaro su ga me aka rubuta game da arewa da Musulmi da zango, su duba ko littafin yana da amincewar NaCCA. Idan an ga kuskure a rubuta wa shugaban makaranta cikin ladabi, da hujja, da lambar shafi. Ƙorafi a majalisar shayi ba ya gyara littafi.

Ga ɗalibanmu na makarantar Islamiyya kuma, musamman waɗanda suka dawo hutu, ga aiki guda biyu. Na farko, ka nemi wanda ya fi kowa tsufa a gidanku, kaka ko kakanni ko gwaggo, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka nemi izini, sannan ka tambaye shi: wa ya fara zuwa garin nan daga gidanmu, ta wace hanya, da wace sana'a, wane harshe yake yi kafin Hausa, wa ya ba shi masauki? In ya yarda ka ɗauki muryarsa a waya. Kada ka gyara masa magana, kada ka ce ai a littafi ba haka aka ce ba. Rubuta yadda ya faɗa, da boko ko da ajami. Na biyu, ka tambayi wani abokin karatunka ko maƙwabci wanda ba Musulmi ba yadda suke raɗa wa jariri suna. Za ka ji Akan da Ga suna jira sai rana ta takwas, suna fito da jaririn da sassafe, wani dattijo ya ɗiga masa ruwa a harshe yana yi masa wasiyyar faɗin gaskiya. Tambayi me ya sa ake jira, wa ke zaɓen sunan, sunan wa ake mayarwa. Bayan ka gama rubuta nasu, ka rubuta namu a shafi na gaba kamar kana bayyana wa wanda bai taɓa zuwa suna a zango ba: ragon, askin, goron, huɗubar, da abin da mata ke yi da yamma. Ka ware wanda Sunna ce da wanda al'ada ce, inda ka rasa ka tambayi malam.

Wanda ya gama ya kai wa malaminsa kafin a koma makaranta, ya rubuta sunan wanda ya ba shi labarin a sama da nasa. Za mu zaɓi wasu mu buga a nan in Allah Ya so, bayan masu labarin sun yarda.